Kyarkeciyar Rum: Yadda Yumɓun Da Ke Cikinta Ya Rage Mata Shekara 1,500

Idan kana kallon ƙwallon Italiya, to ka taɓa ganinta ko da ba ka kula ba. Tana nan a tambarin ƙungiyar AS Roma: wata dabba mai kama da kare a tsaye, ga jarirai biyu a ƙarƙashinta suna shan nono. Ita ce kuma aka sa a tambarin gasar Olamfik da aka yi a birnin Rum a 1960. Asalin wannan hoto wani mutum-mutumi ne na tagulla da ke ajiye a gidan tarihi na Kafitolin, a tsakiyar birnin. Sunanta a can Lupa Capitolina, wato macen kyarkeci ta tudun Kafitol. Ba wata ƙatuwa ba ce, tsayinta santimita 75, tsawonta kuma santimita 114.

Shekaru aru-aru ana koya wa ɗalibai cewa an ƙera ta ne a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, wato ta kai shekara 2,500. Kwatsam sai wata mata da aka ɗauka aikin gyara ta da wanke ta ta ce a'a, wannan tagullar ba ta kai rabin haka ba. Da aka kai ƙasar da ke cikin cikinta ɗakin gwaji, sai ga shi sakamako ya goyi bayan matar. Yau za mu bi labarin daki-daki, domin ya nuna mana yadda ake gane shekarun abu, da kuma inda kimiyya ke ja birki ta ce iyakata ke nan.

Me ya sa kyarkeciya?

Sai mun koma tatsuniyar kafuwar Rum kafin ka gane nauyin maganar. Rumawa sun ce wani mai suna Amuliyus ya ƙwace sarauta daga hannun ɗan'uwansa Numito a garin Alba Longa. Da 'yar Numito ta haifi tagwaye maza, Romulus da Remus, sai Amuliyus ya ba da umarni a jefa su a kogin Tiba don kada su girma su nemi gadon kakansu. Ruwa bai ci su ba. Kwandon da suke ciki ya maƙale a bakin gaɓa, wata kyarkeciya ta tsince su ta shayar da su, har wani makiyayi mai suna Fostulus ya ɗauke su ya raine su. Da suka girma suka yi niyyar kafa gari, rigima ta ɓarke tsakaninsu, Romulus ya kashe Remus, garin ya ci sunansa. Marubutan Rum sun sa wannan a shekarar 753 kafin Miladiyya.

Tatsuniya ce, amma Rumawa sun riƙe ta da hannu biyu. Sun buga hoton kyarkeciyar a kuɗinsu, sun kuma yi mata mutum-mutumi fiye da ɗaya. Masanin tarihi Libi ya rubuta cewa wajen shekarar 296 kafin Miladiyya wasu jami'ai biyu 'yan gida ɗaya sun kafa siffar tagwayen a ƙarƙashin kyarkeciya, kusa da itacen ɓaure da ake cewa a nan aka tsince su. Shi kuma Sisero, shahararren ɗan siyasa kuma lauya, ya ambaci wani mutum-mutumi a tudun Kafitol wanda aradu ta faɗa wa a shekarar 65 kafin Miladiyya. Ka riƙe maganar aradun nan, za mu dawo kanta.

Abin da aka tabbatar a rubuce

Takardun da suka ambaci wannan kyarkeciya tamu, ba wata ba, ba su da tsufan da mutane ke zato. An san ta daɗe a fadar Lateran, inda Fafaroma ke zama a wancan zamani. Wani malamin coci daga Ingila da ake kira Magista Giregoriyus, wanda ya ziyarci Rum wajen ƙarni na 12 zuwa na 13, ya bayyana kyarkeciyar tagulla a ƙofar wannan fada. A 1471 Fafaroma Sistus na Huɗu ya ba mutanen Rum kyautar wasu kayan tagulla, har da ita, aka kai su tudun Kafitol. Wannan kyauta ce ake ɗauka a matsayin tushen gidan tarihin Kafitolin.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki: jariran nan biyu ba tare da ita aka yi su ba. An ƙara su ne a ƙarshen ƙarni na 15, kuma galibi ana danganta aikin ga wani maƙeri ɗan Fulorans mai suna Antoniyo del Pollaiyolo. A kan wannan babu gardama. Ko kai ka duba hoton za ka ga bambanci. Jariran ɓul-ɓul suke, jikinsu na motsi kamar na 'ya'yan mutane, ita kuwa uwar a sandare take, haƙarƙari a fili, kunnuwa a miƙe, ido na kallon waje kamar ta ji motsin maƙiyi. Ba ta ma duban yaran. A tsofaffin kuɗin Rumawa kuwa, kyarkeciyar takan juyo da kai wajen tagwayen ne.

To wa ya ce aikin ƙarni na 5 kafin Miladiyya ce? Wanda maganarsa ta fi tasiri shi ne Yohan Binkelman, Bajamushen da ake ɗauka a matsayin uban nazarin tarihin fasaha, wanda ya wallafa babban littafinsa a 1764. Ya dubi yadda aka jera gashin wuyanta da na gadon bayanta a tsare, murɗe-murɗe iri ɗaya, ya ce wannan hannun Etruskawa ne. Etruskawa al'umma ce da ta yi ƙarfi a tsakiyar Italiya kafin Rum ta haɗiye ta, kuma gwanaye ne wajen aikin tagulla. Aka kuma ga wani tabo a ƙafarta ta baya, aka ce ai ga inda aradun da Sisero ya faɗa ta bugi dabbar. Shi ke nan labari ya haɗu: ga salo, ga rubutun magabata, ga tabo. Wa zai ja?

An samu waɗanda suka ja ɗin. A 1854 Emil Biraun ya ce tabon ƙafar kuskure ne na wajen zubi, ba aikin aradu ba. A 1878 Bilhelm Furona ya ce salon ya fi kama da na zamanin sarki Shalman da magadansa. A 1885 Bilhelm fon Bode shi ma ya ce aikin zamanin tsakiya ne, wato lokacin da ya biyo bayan rushewar daular Rum ta yamma har zuwa ƙarni na 15. Amma duk hujjarsu ta ido ce, kamar ta Binkelman. Ido ya ce kaza, wani ido ya ce a'a. Tun da labarin farko ya fi daɗi, shi ya zauna.

Yadda ake zubin tagulla

Kafin mu je ga abin da ya sauya lissafi, bari ka fahimci yadda ake yin irin wannan aiki, don a nan sirrin yake.

Tagullar mutum-mutumi gauraye ce: jan ƙarfe da kuza, wani lokaci da ɗan dalma. Ba sassaƙa ta ake yi ba, narkawa ake yi a zuba. Hanyar da aka fi bi ita ce ta kakin zuma. Maƙeri zai fara gina siffar dabbar da yumɓu, yana cuɗa shi da ciyawa, ƙaiƙayi ko gashi don kada ya tsage wajen bushewa, kamar dai yadda magina ke sa ciyawa a ƙasar gini. Sai ya lulluɓe wannan siffa da kakin zuma, kaurinsa daidai kaurin tagullar da yake so, ya zana gashi da ido da haƙora a jikin kakin. Daga nan ya sake rufe komai da wani yumɓun, ya bar ƙofofi. Idan aka gasa, kakin zai narke ya tsiyaye, ya bar fili siriri tsakanin yumɓun ciki da na waje. A wannan fili ake kwarara narkakkiyar tagulla mai zafin da ya kai digiri 1,000 ko fiye. In ta huce a fasa yumɓun waje. Na ciki kuwa, sau da yawa wani sashensa kan maƙale a lungunan da hannu ba ya kaiwa, ya zauna can har abada.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Da ita aka yi kayan Igbo-Ukwu da kawunan Ife da tagullar Benin.

Matsalar zuba babban abu gaba ɗaya ita ce tagulla na saurin daskarewa. Kafin ta zagaye jiki ta isa ƙafafu, tana iya hucewa ta bar rami, ko iska ta maƙale ta ɓata aikin. Girkawa da Rumawa sun kauce wa wannan ta hanyar zuba manyan siffofi gunduwa-gunduwa: kai daban, hannu daban, gangar jiki daban, sannan su haɗa da wata irin walda ta narkakken ƙarfe, su goge har ba za ka ga mahaɗa ba. Haka aka yi mayaƙan Riyace guda biyu da aka tsamo daga teku a kudancin Italiya a 1972, waɗanda aikin Girkawa ne na ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Haka kuma aka yi mutum-mutumin sarki Makus Oreliyus bisa doki, wanda ke gida ɗaya da kyarkeciyar.

Matar da ta leƙa ciki

A 1997 aka ɗora wa Anna Mariya Karruba, masaniyar gyaran kayan tarihi, alhakin kula da gyaran kyarkeciyar. Aikin ya ɗauki kusan shekara uku. Mai gyara yana ganin abin da mai yawon buɗe ido ba ya gani, domin yana duba ƙasa da ciki da kowane lungu. Karruba ta nemi mahaɗar walda a jikin dabbar ta rasa. An zuba ta ne gaba ɗaya, a zubi guda.

A 2006 ta wallafa bincikenta. Hujjarta ita ce zuba babban abu a tashi ɗaya salo ne na maƙeran zamanin tsakiya, waɗanda suka ƙware a zubin ƙararrawar coci. Dole a zuba ƙararrawa gaba ɗaya, don in akwai mahaɗa a jikinta sautinta ya lalace. Wannan ƙwarewa suka ɗauka suka kai kan siffofin dabbobi, irin su zaki da wata dabbar almara mai fiffike da ke birnin Peruja, na ƙarni na 13. Ta kuma ƙarfafa maganar Biraun cewa tabon ƙafa matsalar zubi ce.

Ka ga bambancin wannan hujja da ta mutanen ƙarni na 19. Su suna maganar kamanni ne, ita kuwa tana maganar yadda hannu ya yi aiki. Kamanni ana iya kwaikwayonsa, ai kama da wane ba ta wane. Amma da wuya maƙeri ya yi aiki da dabarar da ba a sani ba a zamaninsa, ko ya bar wadda ya gada ba dalili.

Duk da haka, masana da dama ba su yarda ba. Suka ce tsofaffin kayan tagulla da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne, domin yawancinsu an narka su an yi makamai da kuɗi da ƙararrawa. Ta yaya za ka kafa doka a kan abin da Etruskawa suka iya ko ba su iya ba, alhali ɗan abin da ya tsira kawai ka gani? Tambaya ce mai ma'ana. Ana buƙatar shaidar da ba ta dogara da ra'ayin kowa ba.

Shaidar ciyawa

Ita kanta tagulla ba a iya auna shekarunta da gwajin kabon, domin ba ta taɓa rayuwa ba. Amma ka tuna ciyawa da ƙaiƙayin da maƙeri ya cuɗa a yumɓun ciki? Su sun rayu.

Ga yadda abin yake. A iska akwai wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14, wanda ba ya zama daram, a hankali yake rikiɗewa ya ragu. Duk tsiro mai rai yana shaƙar kabon daga iska, don haka adadin kabon-14 da ke jikinsa daidai yake da na iskar zamaninsa. Ranar da aka yanke shi, shiga ta tsaya, sai raguwa. Duk bayan shekara 5,730 rabi ke tafiya. Ba'amurke Wilad Libbi ne ya ƙirƙiro wannan hanya a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma ci kyautar Nobel a kanta a 1960.

Yi lissafin da kanka. Ciyawar da aka yanke shekara 2,500 da suka wuce za ta riƙe kusan kashi 74 cikin 100 na kabon-14 ɗinta. Wadda aka yanke shekara 900 da suka wuce kuwa za ta riƙe kusan kashi 90. Wannan tazara ce babba, ba irin wadda na'ura za ta rikice a kanta ba. Kuma na'urorin yanzu suna ƙirga ƙwayoyin kabon ɗin ne kai tsaye, don haka ɗan ɓurɓushi da bai kai ƙwayar gero ba ya isa. Da yake yawan kabon-14 a iska yana ɗan hawa da sauka daga zamani zuwa zamani, sai a daidaita sakamakon da zoben cikin itatuwa waɗanda aka san shekarunsu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa amsar ba ta zuwa da shekara guda, sai dai tsakanin kaza da kaza.

A 2007 aka fara wannan gwaji a Jami'ar Salento da ke kudancin Italiya, da ɓurɓushin tsirrai da aka zaƙulo daga yumɓun cikin kyarkeciyar. A 2008 Adiriyano La Rejina, wanda ya daɗe yana shugabantar hukumar kula da kayan tarihi na Rum, ya rubuta a jaridar La Repubblica cewa gwajin ya nuna zamanin tsakiya. A 2012 aka bayyana alƙaluman: tsakanin shekarar 1021 da 1153 Miladiyya, da tabbacin kashi 95.4 cikin 100. A 2019 masu binciken suka wallafa cikakken aikin a mujallar kimiyya, sakamakon bai sauya ba: ƙarni na 11 zuwa na 12.

An kuma gwada wata hanya da ke auna hasken da gasasshen yumɓu ke fitarwa idan aka sake ɗumama shi, wanda ke nuna tsawon lokacin da ya wuce tun shigarsa wuta ta ƙarshe. Da irin wannan gwaji ake tantance kayan yumɓun Nok. Rauninsa shi ne duk lokacin da yumɓun ya sake shan wuta sosai, misali wajen gyara, agogon ya koma sifili. Shi ya sa gwajin kabon ya fi nauyi a wannan shari'a.

Shin magana ta ƙare?

Ba ta ƙare ba, kuma a nan ne ya kamata ka yi hattara da masu cewa "kimiyya ta tabbatar" su rufe baki.

Na farko, an gwada dalmar da ke cikin tagullar, aka ga alamunta sun yi daidai da ma'adinan tsibirin Sadiniya. Masu riƙe da tsohon ra'ayi suka ce ba a san ana haƙar wannan wuri a zamanin tsakiya ba. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce maƙeran zamanin tsakiya sun saba narka tsofaffin kayan Rumawa su yi sababbi. Gwajin dalma yana faɗa maka inda ƙarfe ya fito, ba ranar da aka zuba shi ba.

Na biyu, wani malamin coci mai suna Benedik na Sorakte, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 10, ya ambaci wani wuri a fadar Lateran da ake yanke hukunci, ana kiransa wajen kyarkeciya. Ka lura da shekarun. Idan tamu ba a zuba ta ba sai bayan 1021, to wace kyarkeciya Benedik yake nufi? Ko dai gwajin ya yi kuskure, ko kuma akwai wata da ta riga ta zama a wurin.

Wannan ne ya kai wasu masana ga matsaya ta uku: tagullar ta zamanin tsakiya ce, amma siffar tsohuwa ce. Wato akwai tsohuwar kyarkeciya da ta lalace, sai maƙeran ƙarni na 11 ko na 12 suka ɗauki samfurinta suka sake zuba sabuwa. In haka ne, idon Binkelman bai yi ƙarya ba game da salo, na'urar Salento ma ba ta yi ƙarya ba game da shekaru. Tambayoyi biyu daban suke amsawa. Gwajin kabon ya gaya mana lokacin da aka yanke ciyawar da aka cuɗa a yumɓu. Bai gaya mana wanda ya fara tunanin wannan tsayuwa da wannan kallo ba. Har yau ana tafka muhawara, kuma za ka ga littattafai da shafuka da ke ba da shekarun biyu gefe da gefe.

Me ya sa abin ya yi zafi haka?

Saboda ba tagulla kawai ake magana a kai ba. Wannan dabba ita ce fuskar birni. A zamanin Musolini, wanda ya so ya nuna cewa mulkinsa ci gaban daular Rum ne, an aika kwafinta ƙasashen waje a matsayin kyauta. Ɗaya na nan a garin Rome da ke jihar Jojiya ta Amurka tun 1929. Abin da aka ɗora wa irin wannan nauyi, ba a son jin cewa wanda ya zuba shi mai yiwuwa maƙerin ƙararrawa ne da ya rayu fiye da shekara 500 bayan daular ta faɗi.

Akwai kuma wani tsohon zato da sakamakon ya taɓa. An daɗe ana ɗaukar zamanin tsakiya a Turai a matsayin lokacin koma-baya, don haka duk abu mai kyau da aka gani sai a ce ai na mutanen da ne. Mu ma mun san irin wannan. Da Bajamushe Liyo Furobeniyus ya ga kan tagulla a Ife a 1910, sai ya ce aikin mutanen ɓatacciyar ƙasar Atlantis ne, don ya kasa yarda cewa Yarbawa za su iya. A duka biyun, an fara yanke hukunci a kan wanda ya iya da wanda bai iya ba, sannan aka nemi shekarun da za su dace da hukuncin.

Idan gwajin Salento ya tsaya, to abin da ya nuna shi ne wajen shekara ta 1100 akwai maƙeri a tsakiyar Italiya da ya iya narka tagulla mai yawa, ya kwarara ta a zubi ɗaya ta zagaye jikin dabba tun daga hanci har ƙafa, abin da maƙeran Girka da Rum suka saba kauce wa. Ƙafar baya ta ɗan ba shi matsala, tabon na nan. Ba a san sunansa ba.

Don haka nan gaba in ka tsaya gaban wani abu a gidan tarihi, ko a Rum ko a Jos ko a Gidan Makama, ka karanta ɗan allon da aka rubuta shekarunsa, tambayi mai kula da wurin ta yaya aka sani. Daga kamanni ne, daga rubutun magabata ne, ko daga gwaji? In gwaji ne, me aka gwada: ƙarfen, yumɓun, ko gawayin da aka samu kusa da shi? Kowace amsa tana da irin ƙarfinta da irin iyakarta, kuma allon da ke gaban kyarkeciyar Rum ya shekara fiye da 200 yana dogaro da ta farko kafin wani ya leƙa cikinta.